Kwalbar wuski ta 75, ta 70, ko gorar roba: wacce ta dace da mai sayar da mai, zuma da gyaɗa?

Ƙanwata tana matsar man gyaɗa a gida, kuma shekara biyu ke nan da ta ƙara da soyayyar gyaɗa ta kwalba da zumar da ake kawo mata daga ƙauye. Bara da damuna rigima ta haɗa ta da wata baiwar Allah da ta daɗe tana saye a wurinta. Matar ta sayi mai kwalba uku, ta juye a nata kwalaben na gida, biyu suka cika, ta ukun ko kafaɗa ba ta kai ba. Ta dawo tana cewa an tauye mata mudu. Ƙanwata kuwa har da hawaye, tana rantsuwa cewa sai da ta cika kowacce har wuya. Da aka kira ni na ɗaga kwalaben na duba gindinsu, sai na ga duk su biyun gaskiya suke faɗa. Na ƙanwata an rubuta 70cl, wato santilita 70, na matar an rubuta 75cl. A ido kamarsu ɗaya, amma a kwalba uku an samu giɓin santilita 15.

Duka kwalaben tsofaffin kwalaben wuski ne. Mu ba mashaya ba ne, amma kowa ya sani kwalbar barasa da aka shanye ta daɗe da zama mudun mai a kasuwanninmu: manja, man gyaɗa, zuma, kalanzir, har fetur a wurin 'yan bumburutu da 'yan ruwa-ruwa na Maraɗi da Damagaram. Idan aka ce "kwalba nawa?" babu mai tambayar wace kwalba. To wanda zai fara irin wannan sana'a, ko yake tunanin ya bar gilashi ya koma roba, ya kamata ya yi wannan tambayar kafin ya tara kwalabe.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne ainihin abin da mazubin yake ci, da abin da mai saye yake zaton yana ci. Na biyu kuɗinsa, har da kuɗin dakonsa, domin gilashi nauyi gare shi. Na uku ƙarko: sau nawa za a yi amfani da shi kafin ya fashe ko ya lotse. Na huɗu sauƙin aiki, wato wanki, ɗurawa, rufewa da jerawa. Na biyar haɗari, wanda ya haɗa da abin da aka taɓa zubawa a ciki, da batun tsarki, da irin kallon da mutane za su yi wa kayanka. Na farkon ne ya fi jawo rigima, kuma ba za a gane shi ba sai an san inda waɗannan lambobin suka samo asali.

Daga ina 75 ta fito, kuma me ya kawo 70

A da can wuski a ganga ake sayar da shi. Mai saye ne ke zuwa da tulunsa a tsiyaya masa, kamar dai yadda ake zuwa da kwalba wurin mai manja. Gilashi tsada gare shi, domin da baki ake hura kowace kwalba, kuma a Birtaniya an ɗora masa haraji tun 1745 har zuwa 1845. Sayarwa daga ganga ya buɗe ƙofar algus, dillalai suna sirka shi da ruwa da abin da ya fi ruwa muni. Wannan ne ya sa wani ɗan kasuwa a Louisville ta jihar Kentucky, George Garvin Brown, ya fara sayar da nasa, Old Forester, a rufaffiyar kwalba kaɗai a 1870. A 1903 kuma Michael Owens na Toledo a jihar Ohio ya fito da injin da ke ƙera kwalba da kansa. Daga nan kwalba ta yi araha, kuma dubu za su fito girmansu ɗaya, abin da mai hurawa da baki ba zai taɓa iyawa ba.

Girman kuwa daga galan aka yanko shi. Galan na Ingila, wanda dokar awo ta 1824 ta tsayar, lita 4.546 ne, kuma kwalbar da suka saba da ita kashi ɗaya bisa shida ce, wato kusan mililita 758. Galan na Amurka ya fi ƙanƙanta, lita 3.785, su kuma kwalbarsu ɗaya bisa biyar ce, mililita 757. Galan biyu daban, rabo biyu daban, amma suka haɗu a wuri guda. Da Amurka ta koma lissafin lita a harkar barasa, abin da ya zama dole daga 1 ga Janairun 1980, sai aka share 'yan mililitan da ke kai, kwalba ta zama mililita 750, wato 75cl. Goma sha biyu a kwali sun ba da lita 9 cif, kuma har yau da wannan kwalin mai lita 9 masana'antar ke ƙirga cinikinta.

Turai ta bi wata hanyar. A farkon shekarun 1990 ƙasashen tarayyarsu suka tsayar da 70cl ga barasa mai ƙarfi irin wuski da jin, suka bar 75cl ga giyar inabi. Birtaniya, wadda ta riga ta koma 75 a shekarun 1980, ita ma ta sauko 70. Dokar tarayyar Turai ta 2007 ta lissafa girman da aka yarda da su tsakanin mililita 100 da 2,000: akwai 100, 200, 350, 500, 700, 1,000, 1,500, 1,750 da 2,000. Babu 750 a ciki. Amurka kuma shekara arba'in ba ta yarda a sayar da ta 700 a ƙasarta ba, sai a Disambar 2020. Saboda haka kamfani ɗaya a Sukotlan zai ɗura abu ɗaya a kwalba iri biyu, gwargwadon ƙasar da za a kai. Indiya da Afirka ta Kudu da Kanada suna kan 75, Ostireliya tana kan 70.

Mu kuwa daga ko'ina kaya ke shigo mana, shi ya sa buhu ɗaya na ɗan jari-bola zai ƙunshi duka biyun. Alaƙarmu da wannan kwalba ma ba yau ta fara ba. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kwalbar jin mai kusurwa huɗu da ake kawowa daga Holan da Jamus ta yi aikin kuɗi a Kudancin Najeriya, ana saye da sayarwa da ita tana yawo hannu zuwa hannu ba a buɗe ba. A Arewa gwamnatin mulkin mallaka ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890. An tare ruwan, kwalbar kuwa ta samu wurin zama a rumfar mai manja.

Kwalbar 75

Ita ce abin da mai saye yake nufi idan ya ce kwalba. Jarka mai lita 25 tana ba da 33 da ɗan saura. Zuma, wadda lita ɗayarta ke kai kusan kilo 1.4, idan ta cika wannan kwalbar ta ɗan haura kilo guda, man gyaɗa kuwa bai kai giram 700 ba.

Wajen kuɗi tana tsaka-tsaki: ta fi tsohuwar gora tsada, ba ta kai sabuwar kwalbar kamfani ba. Masu tara ta sun san mai kusurwa huɗu mai lafiyayyen murfi ta fi shiga, don haka sukan ɗora mata wani abu. Kusurwar nan ba don ado aka yi ta ba. Gidan Walker, masu wuski na garin Kilmarnock a Sukotlan, sun fara amfani da ita a ƙarni na 19 ne don kwalabe su fi shiga akwati kuma fashewa ta ragu a jirgin ruwa, kuma wannan dalilin yana nan daram ga wanda zai ɗora kwali a bayan babur. Mai kusurwa ba ta gangarawa idan ta kwanta a kan tebur, kuma gyaɗa ta fi kyan gani a cikinta.

Wajen ƙarko babu ta biyunta, muddin ba ta faɗi ba. Gilashi ba ya tsotsar wari, ba ya sauya ɗanɗanon mai, kuma kwalba ɗaya za ta yi shekaru tana kai da kawowa tsakaninka da mai saye. Murfin ne ke fara mutuwa, musamman na gwangwani, wanda zarensa ke sulɓewa bayan an murɗa shi wasu lokuta, mai ya riƙa tsattsafowa.

Wahalarta a wuya take. Da yawa daga cikin na waje suna zuwa da wata 'yar roba a maƙogwaro mai ƙaramin ƙwallo a ciki, wadda ke barin ruwa ya fita amma ba ya komawa. An sa ta ne don hana masu jabu sake ɗurawa. Kafin ka yi amfani da kwalbar sai ka ɓalle ta, kuma na ga ƙanwata ta zauna da tsinin wuƙa tana fama da su har ta yanke a yatsa. Wani lokaci wurin ɓallewar bakin kwalbar kan guntule, kuma duk wadda bakinta ya guntule ta tashi daga aikin abinci, domin ɓurɓushin gilashi a cikin zuma ba a ganinsa. Wani lokaci kuma murfin a jikin robar yake kamawa, kana cire ta ka rasa abin rufewa. Idan kana zaɓa a wurin mai sayarwa, nemi wadda zaren murfinta yake a jikin gilashin.

Wanki kuma sai da haƙuri, tunda hannu ba ya shiga. Ana jiƙa ta ta kwana a ruwan omo don takardar ta saki, a zuba 'yan ƙananan tsakuwa da ruwan ɗumi a girgiza, a ɗauraye sau da yawa, a kife ta a rana. Kada a zuba tafasasshen ruwa a kwalba mai sanyi, tsagewa za ta yi. Kuma sai ta bushe ƙarau kafin a ɗura, domin ɗigon ruwa na sa zuma ta yi tsami, gyaɗa ta yi sanyi, mai ya yi saurin lalacewa.

Kwalbar 70

Duk abin da na faɗa kan ƙarko da wanki ya hau kanta, kuma kuɗinta ɗaya da ta 75, don masu tarawa ba sa ware su. Bambancin yana wurin awo kaɗai, kuma ba ƙarami ba ne. Kwalba 15 na 70 daidai suke da 14 na 75. Jarkar lita 25 za ta ba ka 35 da fiye da rabi, wato rarar kwalba biyu da wani abu a kowace jarka. Mu ƙaddara kwalbar mai naira 2,000 ce: wanda aka ba ta 70 a wannan farashin ya yi asarar kusan naira 133 bai sani ba. A wurin wanda bai sani ba kuskure ne, a wurin wanda ya sani ya yi shiru kuwa tauye mudu ne, kuma kowa ya san abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan masu tauye mudu.

Ido ba ya raba su. Wata ta 70 ma ta fi wata ta 75 tsawo, saboda masu ƙira suna kaurara gindi ko su lotsa shi ciki don kwalba ta yi kwarjini a kan kanta. Lambar tana jikin takarda, kuma sau da yawa an zana ta a gilashin, can ƙasa ko a ƙarƙashin gindi. Idan ba ka same ta ba, auna da kofin awo sau ɗaya ka yi mata alama. Ka kuma sani lambar tana nufin cikawa zuwa farkon wuya, ba har baki ba.

Amma ba abar yarwa ba ce. Tana da wani amfani da ta 75 ba ta da shi: zuma a cikinta kusan kilo ɗaya take. Mai sayar da zuma da sikeli, wanda ke rubuta nauyi a jikin kayansa, ita ce ta fi masa daidai. Gyaɗa da yazawa su ma ba a cika rigima a kansu ba, tunda mai saye abin da ya gani yake taya wa. A mai ne take jawo fitina.

Mai lita ɗaya da mai hannu

Ta lita ɗaya an fi sayar da ita a shagunan filin jirgin sama da manyan otal, shi ya sa ba ta da yawa a hannun 'yan jari-bola kuma ta fi tsada. Lissafinta ne mai daɗi: jarka 25, kwalba 25, babu saura babu gardama. A Nijar, inda aka saba da lita, ta fi karɓuwa a kan yadda take a Kano ko Zariya, inda sai ka tsaya kana bayanin dalilin da ya sa kwalbarka ta fi ta maƙwabciyarka kuɗi. Akwai kuma ta lita 1.75 ta Amurka, wadda ta maye gurbin tsohon rabin galan ɗinsu, wasu har da mariƙi. Wannan ta ajiyar gida ce. Idan ta cika da zuma ta haura kilo uku da nauyin gilashinta, kuma ranar da ta suɓuce asarar babba ce.

Ƙananan

Rabin kwalba ita ma biyu ce, 37.5 ta Amurka da 35 ta Turai, don haka tarkon da ke tsakanin manyan yana nan a tsakaninsu. Abin dariya, su kansu Amurkawa har yau suna kiran ta 37.5 da sunan tsohon ma'auninsu na fayint, alhali fayint na gaskiya mililita 473 ne, ashe ba mu kaɗai ne suna ke ruɗa ba. Sai ta 20, mai faɗi wadda aka yi don aljihu, da 'yar mitsitsiya ta 5. Daga Indiya kuma akan ga ta 18.

Suna da kasuwa, domin ba kowa ke iya sayen cikakkiyar kwalba ba a wannan tsadar, kuma mai sayar da man habbatussauda ko man kwakwa ko zumar magani ba ya buƙatar fiye da haka. Sai dai kuɗin mazubi a kan kowace lita ya fi yawa, wankinsu ya fi cin rai, kuma mai siffar aljihu kowa ya gan ta ya san ko ta mece ce. Ga kuma batun samuwa: a 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, don haka ban ga hikimar mutum ya gina sana'arsa a kan 'yan mitsitsin ba.

Gorar roba

A nan akwai tsohuwa akwai sabuwa, kuma nesa suke da juna. Tsohuwar gorar ruwa irin ta Faro ko Swan ko Eva ita ce mafi araha, wani lokaci ma kyauta, kuma akwai mai 75 da ta yi daidai da mudun da aka saba. Nauyinta bai kai giram 30 ba, alhali kwalbar wuski babu komai a ciki tana kai kusan rabin kilo. Mai aika kaya tasha zuwa wani gari ya san abin da wannan ke nufi: kwalabe 33 na jarka ɗaya sun ƙara masa wajen kilo 15 na gilashi zalla, ga fargabar fashewa a hanya.

Ƙarko ne ba ta da shi. Don amfani sau ɗaya aka yi ta, zafi na lotsa ta, shi ya sa ba a zuba mata mai da ɗuminsa kuma ba a iya wanke ta da ruwan zafi. Tana riƙe wari, tana karcewa ta ciki, datti ya samu maɓoya. Mafi muni, ba ka san inda aka tsinto ta ba, ko kwata ce ko bolar asibiti. Sabuwar gora da ake saye a dila daga masu sayar da kayan roba ta kauce wa wannan duka: murfinta na da zoben da ke tsinkewa idan an buɗe, girmanta ɗaya, kuma kuɗinta bai kai na sabon gilashi ba. Abin da ya rage mata shi ne zafi da rana, da kuma cewa masu sayen zuma da yawa suna ganin ta roba kamar ba ta kai ta gilashi daraja ba.

A abu ɗaya roba ta yi wa kwalbar wuski fintinkau. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da lemon citta suna tsami su tara iska. Gora sai ta kumbura ta yi maka gargaɗi. Kwalbar wuski ba a yi ta don matsin iska ba, ba kamar ta lemo ba, kuma idan ta kai maƙura tarwatsewa take yi.

Tsarki, tambari da abin da aka taɓa zubawa

Wannan ne ke hana wasu barci, kuma suna da hujja. A wurin malamanmu giya najasa ce, sai dai gilashi ba ya tsotsa, don haka wanki na tsarkake shi, saɓanin tukunyar ƙasa da najasa ta ratsa. Akwai hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani a kan ƙoren Ahlul Kitabi, inda aka ce idan an samu wasu kada a ci a cikinsu, idan ba a samu ba a wanke su a ci. Mutane sun fi riƙe rabin ƙarshe, amma rabin farkon ma magana ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da mafita mai sauƙi: kwalbar ruwan inabi marar barasa da ake sha a biki ita ma 75 ce, ga kauri. Aibinta kawai da yawansu ba su da murfin murɗawa, sai an nemi abin toshewa.

Takardar jiki kuwa a cire ta gaba ɗaya. A jihohin da ke aiki da Shari'a babu mai son a gan shi da buhun kwalabe masu tambarin barasa, ko da babu komai a ciki. Wasu kamfanonin sun zana sunansu a gilashin kansa, wannan ba ya kankaruwa, gara a bar su. Cire takardar yana da wata fa'idar: masu haɗa barasar jabu suna neman kwalba mai lafiyayyen tambari da murfi, kuma abin da suke ɗurawa yana makantarwa yana kisa. Matsalar tsohuwa ce. Bayan Amurka ta janye dokar hana barasa da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, sai da aka riƙa zana gargaɗi a jikin kowace kwalba daga 1935 zuwa 1964 cewa doka ta hana sayar da ita ko sake amfani da ita.

Ni dai ba barasar ce ta fi ba ni tsoro ba, abin da ya biyo bayanta ne. Kwalbar da ta iso hannunka wataƙila ta yi wata shida tana ɗauke da kalanzir, ko fetur, ko fiya-fiya. Shinshina kowacce kafin ka biya. Wadda ka ji ɗan wari a cikinta, ko ka ga wani maiƙo mai launi a gindinta, kada ka ce wanki zai gyara. Haka nan kwalaben ado masu nauyi da ƙyalli da ake kira kiristal, da yawansu akwai dalma a gilashinsu, kuma tana narkewa cikin abin da ya daɗe a ciki.

| Mazubi | Abin da yake ci | A jarkar lita 25 | Kuɗi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwalbar 75 | 75cl | 33 | Tsaka-tsaki | Shekaru | Fashewa, abin da aka taɓa zubawa |
| Kwalbar 70 | 70cl | 35 | Daidai da ta 75 | Shekaru | Tauye mudu |
| Mai lita ɗaya | 100cl | 25 | Ta fi tsada | Shekaru | Wahalar samu |
| Rabin kwalba | 35cl ko 37.5cl | 71 ko 66 | Tsada a kan kowace lita | Shekaru | Ruɗanin girma |
| Tsohuwar gora | 50cl, 75cl, 150cl | 50, 33, 16 | Mafi araha | Sau ɗaya ko biyu | Ƙazanta, zafi |
| Sabuwar gora | Yadda ka zaɓa | Ya danganta | Ƙasa da sabon gilashi | Kaɗan | Zafi da rana |

Wa zai ɗauki wacce

Mai sayar da man gyaɗa ko manja a unguwa, wanda masu sayensa ke zuwa da nasu mazubin, kwalba ɗaya tak yake buƙata: ta 75 da ya auna ya tabbatar, da mazurari mai kyau. Ita ce mudunsa, sauran duk mazubai ne. Haka ƙanwata ta koma yi, ta ɗaura wa tata jan zare a wuya, kuma duk wanda ya zo da kwalbarsa da mai jan zaren ake auna masa, ko tasa ta cika ko ba ta cika ba.

Mai zuma da ke son a ga kayansa, gilashi fari ya fi masa, kuma idan yana da sikeli ya ɗauki ta 70 ya rubuta nauyi a jiki. Idan ba shi da sikeli ya tsaya a kan 75. Mai gyaɗa da yazawa ya nemi mai kusurwa huɗu, girma ɗaya a tebur ɗaya, idan kuma dole ya haɗa biyun to farashi ya bambanta.

Mai aika kaya nesa, ko mai son sa tambarinsa ya shiga manyan kantuna da rajistar hukuma, ya bar tsofaffin kwalabe gaba ɗaya ya sayi sabuwar gora ko sabon gilashi, ya sa kuɗin a cikin farashi. Mai zoɓo da kunun aya shi ma sabuwar gora, kuma kada ya kusanci kwalbar wuski.

Man shanu da manjan da zai kai hunturu kuwa duk waɗannan ba su dace da su ba, saboda suna daskarewa, kuma wanda ya taɓa tsayawa da sanyin safiya yana jijjiga kwalbar manja a kan tukunya ya san abin da nake nufi. Su mai faɗin baki suke so, irin kwalbar Bama, wadda cokali ke shiga har gindi.